Shin Maganin Wanke Inji Yana Wanke Inji Kuwa?

 Na san masu karatu sun fi sabawa da labaran soyayya da na kishi da makamantansu, to amma yau ina neman a yi mani uzuri, maganar mota zan yi. Duk wanda ya mallaki mota a garin nan na Sakkwato, ko yake tuƙa ta wani, ko kuma wadda kuɗin cefanenta ke raguwa duk ranar da motar maigida ta kwana a gareji, to maganar ta shafe shi.

Akwai wasu 'yan kwalabe da ake sayarwa a gidajen mai da shagunan kayan gyara, tun daga nan Gidan Igwai har cikin gari. Wasu ja, wasu baƙaƙe, wasu ruwan zinare, kowace da hoton fistin ko na bawul yana ƙyalli a jikinta. Ana juye su ne cikin tanki kafin a sha mai. Da zarar mota ta soma karkarwa da safe, ko ta riƙa mutuwa a silo, ko ta daina ja kamar da, ko cin manta ya ƙaru, amsar da mai ita zai fara ji a gareji ita ce, "Alhaji ba ta da komi, dauɗa ta. Zuba mata wanga magani, shina wanke ta tas." Alhaji kuwa ya ji abu mai sauƙi, ba kwance inji, ba kwana a gareji, sai ya sa hannu a aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, duk abin da aka ce yana rage wa mota cin mai ya samu kasuwa, kuma ba na ganin laifin masu saye.

Ra'ayina a kan wannan magani shi ne: yana aiki, amma a inda fetur ke bi kaɗai. Inda fetur ba ya bi, ko katan guda aka juye a tanki babu abin da zai taɓa. Abin da ya dame ni kuma shi ne, motocin da ke shigo mana yanzu daga Kwatano da Legas, da yawansu an ƙera su ne ta yadda fetur ba ya bi ta wurin da dauɗar ta fi taruwa, amma har yanzu ana sayar wa masu su kwalbar da irin bayanin da ake yi wa mai Golf 3.

Bari mu bi abin a hankali, domin sai an san hanya ake sanin inda aka ɓata.

Inji numfashi yake yi. Iska na shiga ta matatar iska, wadda kanikawa ke kira eya-kilina, ta wuce ta bakin totur, ta bi ta bututun da ke rarraba ta ga kowace silinda, wato manifol, sannan ta isa ƙofar ƙarshe, wato bawul ɗin shiga. Idan bawul ya buɗe, iska ta faɗa cikin silinda, ta haɗu da fetur, fulogi ya kyasta, wuta ta tashi. Tambayar da za ta warware mana komai ita ce: a wane wuri fetur ke haɗuwa da iskar nan?

A motocin da, irin su Fijo 504 da 505 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kafireta ce ke gauraya su tun daga sama, don haka fetur na jiƙa hanyar gaba ɗaya. Da aka zo zamanin injekta, irin ta Corolla da Camry da Fijo 406 da suka cika titunanmu, sai aka dasa kowace injekta a bakin ƙofa, tana fesa fetur kai tsaye a ƙeyar bawul, sau dubbai a kowane minti. Wannan bawul kullum cikin wanka yake. Idan akwai sinadarin wanki a cikin fetur ɗin, to ya samu sabulu ke nan. A irin wannan inji maganin kirki yana aiki, kuma ba maganar fatar baki ba ce. A Amurka tun 1995 doka ta wajabta a sa wani adadi na sinadarin wanki a cikin duk fetur ɗin da za a sayar. A 2004 kamfanonin BMW da General Motors da Honda da Toyota suka ga adadin ya yi kaɗan, suka fito da nasu ma'auni mai tsauri da suka kira Top Tier. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, wato AAA, ta sa aka yi gwaji, aka tarar fetur maras wannan ƙarin sinadari ya bar dauɗa a kan bawul ninki 19 na wadda mai sinadarin ya bari, bayan tafiyar mil 4,000 kacal. Sai dai mai karatu ya riƙe wannan: injin da aka yi gwajin da shi irin wanda ke fesa fetur a ƙeyar bawul ne.

Sannan aka zo da sabon salo. A 1996 kamfanin Mitsubishi ya fito da Galant mai injin da ya kira GDI, Volkswagen ya biyo baya da FSI, daga nan kusan kowa ya shiga layi. A wannan salo an ɗauke injekta daga bakin ƙofa an shigar da ita cikin ɗaki. Tana harba fetur ne kai tsaye cikin silinda, da ƙarfin da ya ninka na tsohon salo sau da dama. Abin ya yi kyau ta wajen ƙarfi da tattalin mai. To amma bawul ɗin shiga fa? An bar shi a waje, iska ce kawai ke wucewa ta kansa, ko ɗigon fetur ba ya gani.

Da a ce iskar tsarkakakkiya ce da babu damuwa. Amma kowane inji, komai sabuntarsa, akwai ɗan hayaƙin da ke sulalewa ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake. Ba a barin wannan hayaƙi ya fita sarari, akwai wani ɗan tiyo da ke maido shi cikin hanyar iska domin ya sake ƙonewa, kuma yana tahowa ne da tururin baƙin mai. Wasu injinan ma ana maido da wani kaso na hayaƙin salansa cikin hanyar. Wannan maiƙo shi ke sauka a ƙeyar bawul mai zafi, ya soyu, wani ya zo ya hau kansa ya soyu, yau da gobe har ya zama ƙanzo. Duk matar da ta taɓa kankare gindin tukunya ta san irin taurin da nake nufi. Idan ƙanzon ya yi kauri sai ƙofa ta ƙuntata, iska ta kasa shiga yadda ya kamata, mota ta riƙa karkarwa da sanyin safiya, ta riƙa misin, ta kunna wutar gargaɗi a gaban direba.

Yanzu sai mai karatu ya bi sawun maganin da aka juye a tankin irin wannan mota. Daga tanki zai bi famfo, ya bi fayif, ya shiga injekta, ya faɗa cikin silinda, ya ƙone, ya fita ta salansa. Ko sau ɗaya bai haɗu da ƙeyar bawul ba. Kamar mutum ne zaurensa ya yi datti, sai ya shiga ta ƙofar baya ya yi ta sharar uwar ɗaki, sannan ya fito yana mamakin yadda zaure bai canza ba.

Waɗannan motoci ba a Turai kawai suke ba, suna nan cikinmu. Hyundai Sonata daga ƙirar 2011, Honda Accord mai silinda huɗu ta Amurka daga ƙirar 2013, Lexus IS250, Toyota Avensis mai alamar D-4, Passat da Audi masu FSI ko TSI ko TFSI, Ford masu EcoBoost, da yawancin Marsandi na shekarun baya-bayan nan. Su ne matasanmu ke so, su ne ake kai amarya da su. Duk shekara kuma adadinsu ƙaruwa yake, domin abin da Amurka da Turai suka hau shekara goma ko goma sha biyu da suka wuce shi ke iso mana yau. Injinan dizal ma haka suke, dukansu a cikin ɗaki suke fesa mai, don haka maganin tanki ba ya isa hanyar iskarsu.

Wani abin lura shi ne abin da masu ƙera motocin suka yi. Da kwalba na magance matsalar, ai da sun rubuta sunanta a littafin mota sun huta. Toyota tun wajen 2005 ta fito da tsarin D-4S a wasu motocin Lexus, inda kowace silinda ke da injekta biyu, ɗaya a ciki ɗaya a bakin ƙofa. Camry daga ƙirar 2018 haka take. Ford ma ta koma wannan tsari a wasu injinanta daga 2017. Suna da wasu dalilan na hayaƙi da tattalin mai, amma ɗaya daga cikin ribar da aka samu ita ce bawul ya koma yin wanka. Kamfanin da ya yarda ya ninka yawan injekta a kowane inji ya san abin da kwalba ba za ta yi masa ba.

Kada na yi wa maganin rashin adalci. Ko a injin da ke fesawa a ciki yana da ɗan amfaninsa, domin bakin injektar na zaune ne cikin wuta, ƙananan hudojinta kan toshe, kuma nan kam fetur na bi. Maganin da ke ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa da PEA, irin wanda kamfanin Chevron ya yi suna da shi a Techron, yana iya buɗe su, ya kuma rage dauɗar saman fistin. Shi ya sa wani zai rantse maka cewa ya zuba ya ga canji, kuma gaskiya ya faɗa. Injektarsa ce ta washe. Ƙanzon bawul kuwa yana nan yana ƙara kauri, sai dai a haɗu nan gaba. Haka kuma ko a Corolla mai tsohon salo, bakin totur da cikin manifol suna sama da injekta ne, fetur ba ya komawa baya ya same su. Motar da ke mutuwa a silo saboda totur ya yi baƙi, yaron gareji da tsumma da maganin feshi zai gama da ita cikin rabin awa. Kwalba goma ba za su yi wannan aiki ba.

To ita kwalbar ma, me ke cikinta? Nan ne raina ke ɓaci. A kan teburi ɗaya za ka ga maganin wanke injekta, da na ƙara wa fetur ƙarfi, da na zubawa a baƙin mai, duk mai shago sunansu ɗaya a wurinsa: maganin inji. Wasu daga cikin na ƙara ƙarfin nan suna ɗauke da sinadarin ƙarfe wanda ke barin jan tsatsa a kan fulogi, yana kuma cutar da matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. Da yawa daga cikin masu arahar kuwa rabinsu ko fiye wani narkakken mai ne ɗan uwan kananzir, da ɗan sinadarin da bai taka kara ya karya ba. Ba a zo maganar jabu ba tukuna. Ko a Amurka inda ake bin diddigi, hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta sha gurfanar da masu irin wannan haja. A 1995 masu STP sun biya tarar dala 888,000, a 2000 kuma masu Dura Lube suka amince su biya dala miliyan 2, duk a kan alkawuran da suka yi wa masu saye game da maganin zubawa a baƙin mai ba tare da hujja ba. In haka ta faru a can, me ake tsammani a inda kwalba ke tsallako iyaka babu mai tambayar ta daga ina?

Akwai kuma wankin da ake yi na ban mamaki, wanda na fi tsoro. A cire tiyon iska, a ɗaga totur, a riƙa fesa magani ko a ɗura wani abu ta hanyar iska, wasu har kananzir ko man birki ko ruwa. Nan take salansa ta turnuƙe da farin hayaƙi, yara su taru, bakanike ya dubi mai mota ya ce, "Ka gani ko Yallaɓai? Dauɗar ta ke fita." Mafi yawan wannan hayaƙi maganin ne da kansa ke ƙonewa. Ka ɗura shi a sabuwar mota fil, haka za ta yi hayaƙin. Gaskiya ne akwai maganin feshi da aka yi musamman domin a bi da shi ta hanyar iska, kuma shi kam yana isa bawul, yana iya tausasa dauɗar da ba ta riga ta yi tauri ba idan ana yi a kai a kai. Amma ga tsohon ƙanzo ƙarfinsa kaɗan ne. Idan ma ya ɓamɓaro gutsure, to gutsuren ba shi da hanyar fita sai ta cikin silinda, daga nan ya bi ta kan tabo idan motar na da shi, ya je ya tsaya a indomi. Idan kuma hannu ya zarce aka ɗura ruwa da yawa a lokaci guda, fistin ba ya iya matse ruwa, sandarsa ce za ta lanƙwashe. An je neman kiɗa an samo karyayyen ganga.

Ita kuwa shawarar a ɗauki mota a hau hanyar Birnin Kebbi a taka ta sosai don ta amayar da dauɗa, tana da ɗan tushe. Motar da aikinta kullum daga Gidan Igwai zuwa makarantar yara, daga nan babbar kasuwa, a dawo gida, injinta ba ya samun ya yi zafi sosai, kuma doguwar tafiya na yi mata amfani. Amma ba ta kankare bawul.

Abin da ke kankare shi hannu ne. A kwance manifol, a juya inji har bawul ɗin silindar da za a yi wa aiki ya rufe ruf, a jiƙa da magani, a kankare da burushi da ɗan tsinke a hankali, a zuƙe dattin kada ya faɗa ciki, sannan a koma ta gaba. A Turai da Amurka suna da injin da ke harba garin ɓawon wani ɗan itace mai tauri da suke kira walnat, yana cin ƙanzon ba ya cin ƙarfe. Aiki ne na yini guda, yana buƙatar sabon gasket da bakanike mai haƙuri. Kafin a kai ga nan ma, akwai 'yar kyamara mai igiya da ake jonawa a wayar hannu, a zura ta a leƙa bawul. Ina ganin duk garejin da ke karɓar irin waɗannan motoci ya kamata ya mallake ta. Mai mota ya gani da idonsa kafin ya biya, ya kuma sake gani bayan an gama. Kanikawanmu ba su rasa basira ba. Mutanen da suka riƙe Fijo 504 tana aiki shekara talatin, suka koyi jona mota a kwamfuta ba tare da an kai su makaranta ba, wannan ba zai gagare su ba. Sai dai kwalba ta fi saurin kawo kuɗi, kuma mu masu motocin mu ne ke zumɓura baki da zarar an ce za a kwance wani abu. Kowa na da rabonsa a laifin.

Idan ana son ƙanzon ya jinkirta, sai a duba abin da ke haifar da shi. Tururin baƙin mai ne, don haka irin man da ake zubawa da lokacin da ake juye shi sun fi kowace kwalba tasiri. Man durom da ake aunawa da galan a bakin titi, wanda babu wanda ya san asalinsa, ya fi saurin yin tururi, balle a zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40. Ɗan bawul ɗin da ke kan tiyon da ke maido hayaƙi yana lalacewa, ba shi da tsada, amma da wuya ka ji an duba shi. Ga ƙurar hunturu. Mun saba mu kai eya-kilina wurin mai faci ya hura mata iska a mayar, sau biyar sau shida, har takardar ta yage. Ƙurar da ta wuce ta nan tana cin ringi, ringin da ya ci kuma ya fi sakin hayaƙi ƙasa, hayaƙin ya dawo kan bawul da ƙarin maiƙo. Ga kuma ɗabi'ar nan ta cire tamostat a jefar wai don ƙasarmu da zafi, abin da ke sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safiyar sanyi, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa fetur.

Shi kansa fetur ɗin abin dubawa ne. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da man da sinadarin methanol ya yi wa yawa daga tashar Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace, aka yi makonni ana layi. Wanda ya sha irin wannan mai, ko ya sha na 'yan bumburutu da aka sirka, babu kwalbar da za ta gyara masa abin da ke cikin tankinsa. A nawa ganin, hukumar NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa, tare da hukumar SON, su ya kamata su tsaya a sa sinadarin wanki a cikin mai tun daga matata da daffo, kamar yadda Amurka ta yi, musamman yanzu da matatar Ɗangote ta soma fitar da fetur tun Satumbar 2024, ba duka ake jiran jirgin ruwa ba. Sannan duk kwalbar da za a sayar a rubuta sinadarin da ke cikinta da kuma irin injin da take wa amfani, da harshen da mai saye zai gane.

Kafin hakan ta samu, mai Corolla ko Camry ta da, idan ya samu maganin kirki mai PEA daga hannun da ya yarda da shi, ya zuba lokaci-lokaci, gab da juyen mai, ban ce ya yi asara ba. Wanda kuwa ya ga GDI ko FSI ko TSI ko D-4 a bayan motarsa ko a kan murfin injin, in an miƙo masa kwalba don karkarwar safe, ya tambayi bakanike abu ɗaya: "Maigida, ta ina maganin zai bi ya kai ga bawul?" In babu alama a jikin motar, a buɗe bonet a duba. Idan akwai wani ɗan famfo na ƙarfe zaune a kan inji, da fayif ɗin ƙarfe mai kauri yana fita daga cikinsa zuwa injektoci, to a cikin ɗaki take fesa mai.